JAWABIN UNGOZOMA A TARON ƳAN GARINMU MAZAUNA YAMAI



Maganata a kan matanmu masu goyo ce, waɗanda bida ta kawo Yamai. Wasu na aikatau gidajen ma'aikata, wasu na saida fura da tuwo a Katako da Wadata. Suna fita da asuba, sai magariba. Jinjiri na gida hannun ƙaramar yarinya, ana ɗura masa ruwa ko madarar gwangwani a kwalba maras tsabta. Daga nan zawo, daga zawo tamowa.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaida cewa jinjiri ya sha nonon uwa zalla wata 6, ba ruwa, ba ɗauri, ko da bazara ce, don mafi yawan nono ruwa ne. Bayan haka a ƙara masa kunu, ya ci gaba da sha har shekara 2, kamar yadda Alƙur'ani ya ambata cikin suratul Baƙara. Dakashi kuma kada a zubar, shi ne rigakafin farko.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa sati 14, da lokacin shayarwa har awa 1 kowace ranar aiki, tsawon wata 12. Amma ƴar aikatau da ba ta da takarda, wa zai faɗa wa uwar gidanta haka? Sai mu.

Don haka ina roƙon abu uku.

Na ɗaya: duk wadda ta haihu, dattijo guda ya raka mijinta wajen masu gidan aikinta, a roƙi a bar ta ta zo da goyonta.

Na biyu: kowa ya ƙara dala 20 a wata cikin asusu, a biya tsofaffi biyu su riƙe jarirai kusa da kasuwa, uwaye su leƙo su ba da nono. Wadda ke nesa ta tatsa cikin kofi wankakke mai murfi, a aje a inuwa, a ba yaro kafin awa 4.

Na uku: kakanni, ku yi haƙuri, ku daina aiko a kai muku jika ƙauye don yaye tun bai shekara ba.

A taro mai zuwa muna jiran amsar dattawa. Allah ya raya mana zuri'a. Wassalamu.