Argungu Bayan An Naɗe Homa

(Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya)

 

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan zaman garinmu, da abin da ake ci a cikinsa, da abin da baƙo zai gani idan ya sauka. Na amsa bisa sharaɗi guda, wato a bar ni in yi maganar Argungun da ke nan bayan an watse daga Matan Fada, an naɗe homa, an rataye gora. Bikin kamun kifi kwana huɗu ne, shekara kuwa kwana 365 ce. Me muka tanadar wa sauran kwana 361?

Ba raina bikin nake yi ba, Allah Ya kiyaye. Kowa ya san asalinsa. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa su domin girmamawa, bayan Kabawa da Sakkwatawa sun shafe mafi yawan ƙarni na 19 ba sa ga maciji da juna. Abin da ya fara a matsayin alamar sulhu ya bunƙasa har a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. To amma mu tuna, bayan bikin 2009 ba a sake yin wani ba sai a watan Maris na 2020. Fiye da shekara goma ba a buga bindigar shiga ruwa ba, kuma garin bai tashi ba. An ci, an sha, an aurar da 'ya'ya, an biya kuɗin makaranta. Abin da ya riƙe mu a waɗannan shekaru shi ne gulbi da fadamarsa.

Wannan ruwa da ke wuce mu, bayan Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato, shi ke gangarawa ta Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. Idan ya yi ambaliya ya janye, sai ya bar mana laka mai albarka, a zuba shinkafa damina da rani, a yi albasa da tattasai a gefe. Ba don Allah Ya hore mana wannan fadama ba, da kamfanin WACOT bai kafa katafariyar masana'antar sarrafa shinkafa a nan ba a 2017. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka datse shi can sama a Bakolori da Goronyo, zuwansa da janyewarsa ba su bin lissafin da kakanninmu suka sani, kuma manoman da suka ga ambaliyar 2020 ba sa bukatar a yi masu bayani.

Yanzu in zo kan abinci, domin nan ne na fi son mu tsaya. A gidajenmu babu abin da ba a iya ba. Tuwon shinkafa da miyar sure wadda aka marmasa wa bandatacciyar tarwaɗa. Farfesun ramboshi da asuba ga wanda sanyi ya kama. Karfasa soyayya, a barbaɗa mata yaji. Kurungu, wanda yara ke gudun ƙayarsa, tsofaffi kuma ba sa haɗa romonsa da na kowa. Ga masar shinkafa, ga hoce, ga fura da nonon da Fulani ke shigowa da shi da hantsi. Giwan ruwa kuwa ba a cinta kullum, kuma ya kamata a ce haka, domin sarauniya ba ta fita kasuwa kowace rana. Duk wannan yana nan, amma a bayan katanga yake. Wanda ba shi da masauki a cikin gari ba zai ɗanɗana shi ba.

Wata rana na yi baƙi, tsofaffin abokan karatuna na kwalejin horon malamai, suka ce lallai sai sun ci kifin Argungu kafin su kama hanya. Lokaci ya ƙure ba a sanar da cikin gida ba, sai na kai su wani gidan abinci. Abin da aka ajiye mana shi ne shinkafa da kifin ƙanƙara, irin wanda ake kawowa cikin kwali daga bakin teku. Ɗaya daga cikinsu ya dubi kwanon, ya dube ni, bai ce kome ba. Ban ga laifin mai abincin ba, domin ta ce shi ya fi araha, kuma shi ake samu kullum. Jama'a, a garin da sunansa ya zaga duniya saboda kifi, kifin kwali ya fi na gulbi sauƙin samu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ku tambayi kowane tsohon masunci. A da ana su da birgi da mamari da gura, idon taru kuma yana da faɗin da ƙaramin kifi zai kuɓuta ya je ya girma. Yau har gidan sauro wasu ke ja a cikin ruwa, su kwashe uwa da 'ya'ya da ƙwai. Wasu marasa tsoron Allah kuma maganin ƙwari suke zubawa, kifi ya taso matacce, a kai kasuwa mu saya mu ci. Alhali maganin abin yana hannunmu tun tuni. Me ya sa ake samun manyan kifaye a Matan Fada, har wanda ya ci gasar 2005 ya kai kilo 75? Saboda an hana taɓa wurin, kuma ana jin maganar Sarkin Ruwa da Homa. Wannan tsari da kakanninmu suka kafa shi ne yanzu masana ke rubuta littattafai a kansa. Da za a faɗaɗa shi zuwa wasu gurabu da tafkuna, a hutar da su bi da bi, da ba mu kai ga cin kifin kwali ba.

Wuraren gani kuwa, ba mu rasa ba. Gidan Tarihi na Kanta fadar sarakunanmu ce har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. A ciki akwai sulke da kwalkwali da takubba da tambura, kuma a nan makwancin sarakunan Kabi yake. A shekarun da na yi ina koyarwa na lura cewa yaro zai gama firamare yana iya lissafo manyan biranen Turai, amma bai taɓa taka zauren gidan nan ba, bai kuma san cewa kufan Surame, birnin Kanta, yana nan da ganuwarsa ba. Kabanci ma, wato tseren kwalekwale da nutso da lalube da kamun agwagwa, mun mayar da shi abin kwana ɗaya, har ya zama 'ya'yan Kabawa da yawa ba su iya iyo ba. Ga yamma a bakin gulbi lokacin hunturu, sa'ad da jirage ke dawowa, shanu na ƙetarewa. Mutumin Sakkwato ko Birnin Kebbi zai iya zuwa da hantsi ya koma gida kafin isha, in da ya san zai sami wurin zama da abin sawa a baki.

Saboda haka ga roƙona ga ƙungiya. Mun saba gina aji da haƙa rijiya, Allah Ya saka da alheri. A bana ina neman a ware wani abu daga asusu a kafa rumfuna masu tsabta kusa da bakin ruwa, da wurin wanke hannu da makewayi, a danƙa su ga matan da suka gaji soya kifi da banda, bisa sharaɗin kifin gulbi kaɗai za a sayar. Kuɗin ba zai kai na aji biyu ba. Amma rumfa ba kifi aikin banza ce, don haka tilas shugabanninmu su fara zama da Sarkin Ruwa da Homa da manyan masunta, da izinin Mai Martaba, a kan batun idon taru da zuba magani. Zancen kai ɗalibai gidan tarihi kuwa, mu tsofaffin malamai mun ɗauke wa ƙungiya wannan. Mota kawai muke nema, sau ɗaya a kowane zangon karatu.

Na miƙa wa sakatare wannan roƙo a rubuce, ina fatan za a sa shi cikin abubuwan da kwamitin ayyuka zai duba a zamansa na farko.