Lacca: Yadda giɓin kasafin kuɗi ke rufe ƙananan jami'o'in Amurka



Ranar 31 ga watan Mayu 2024, a jihar Alabama ta ƙasar Amurka, aka rufe ƙofofin Birmingham-Southern College, makarantar da asalinta ya faro tun shekarar 1856. Ta tsallake yaƙin basasar Amurka, ta tsallake yaƙin duniya har biyu, amma ta kasa tsallake giɓin kasafin kuɗinta. A wannan shekara ce kuma Wells College ta jihar Niyok, wadda attajiri Henry Wells ya kafa a 1868, ta bi sawunta. Kafin su akwai Green Mountain a 2019, da Marlboro a 2020, da Cazenovia da Iowa Wesleyan a 2023. Tambayar wannan lacca ita ce: ta yaya makaranta mai shekara fiye da ɗari, cikin ƙasar da ta fi kowace arziki, take wayuwar gari ba ta iya biyan albashi?

Da farko akwai kalmomi biyu da za su iya ruɗin mai sauraro. A Nijar kwaleji ita ce makarantar da yaro ke shiga bayan firamare; a Amurka kuwa kwalejin da ake magana a kanta ƙaramar jami'a ce, ana shigarta bayan an gama lise, a yi shekara huɗu a fito da digirin farko. Ba sana'a ɗaya ake koyarwa ba: ɗalibi yana taɓa tarihi, da adabi, da lissafi, da kimiyya, da falsafa, kafin ya zaɓi inda zai zurfafa. Ɗalibai suna kwana a cikin makaranta, azuzuwa ƙanana ne, kuma da yawa daga cikin waɗannan makarantu ba su kai ɗalibi 2000 ba. Haka nan dalar da za a riƙa ambata dalar Amurka ce, ba dalar kasuwar Maraɗi ba.

Mafi yawan waɗannan makarantu ba na gwamnati ba ne, ba kuma na neman riba ba ne. Kwamitin amintattu ke riƙe da su. Ƙofofin samunsu uku ne: kuɗin da ɗalibai ke biya, da gudummawar tsofaffin ɗalibai, da ribar wakafi, wato dukiyar da masu hali suka bari ana juya ta. Al'adar da aka saba ita ce a ci kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na wakafin a shekara, a bar uwar kuɗi. Jami'ar Harvard ta tara wakafin da ya zarce dala miliyar 50, Williams da Amherst, duk da ƙanƙantarsu, kowace ta haura miliyar 3. Irin waɗannan ba su cikin wannan magana. Masu shan wuya su ne waɗanda wakafinsu bai taka kara ya karya ba, waɗanda rayuwarsu ta rataya ga yawan yaran da suka zo rajista a ƙarshen watan Agusta.

To, a nan ne ɗan kasuwa zai fi kowa gane lamarin. Farashin da makaranta ke rubutawa a takarda ba shi ake biya ba. Don ta jawo ɗalibi, sai ta ce ta ba shi bursu, alhali kuwa ba wani asusu aka buɗe aka ɗebo kuɗin ba. Ragi ne kawai aka yi masa aka canza masa suna. Ƙungiyar ma'ajin jami'o'in Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, ragin da jami'o'i masu zaman kansu suka yi wa sababbin ɗalibai ya kai kimanin kashi 56 cikin ɗari. A ɗauki misali: idan an rubuta dala 50.000, abin da ke shiga aljihun makaranta 22.000 ne. Idan ta yi lissafin ɗalibai 250 za su shigo, sai 210 suka zo, ta rasa dala 880.000, kuma wannan rashi zai bi ajin har shekara huɗu. Maƙwabciyarta ta ƙara ragi, ita ma dole ta ƙara. Kowa ya zauna a kasuwa ya san ƙarshen rumfuna biyu da ke gasar karya farashi a kan haja ɗaya.

Ta ɓangaren kashewa kuwa, abin ba ya lanƙwasuwa. Ko ɗalibai sun ragu, rufin ɗakin karatu yana bukatar gyara, gidajen kwana suna bukatar ɗumi a lokacin sanyin ƙanƙara, malamin kimiyya yana jiran albashinsa ko da mutum shida ne a gabansa. Masanin tattalin arziki William Baumol ya bayyana wannan ciwo tun shekarun 1960: masana'anta tana iya sayen inji ta ninka abin da ma'aikaci ɗaya ke fitarwa, amma aikin da darajarsa ita ce zaman mutum da mutum ba ya karɓar inji, ga shi kuma dole albashinsa ya bi na sauran ma'aikata. Ƙaramin aji shi ne hajar da waɗannan makarantu ke tallatawa, shi ne kuma abin da ke cin su.

Sai maganar haihuwa. A 2007 an haifi yara kimanin miliyan 4,3 a Amurka. Bayan rikicin kuɗi na 2008 haihuwa ta yi ta raguwa, har ta sauko wajen miliyan 3,6 a 2023. Yaron da ba a haifa ba a 2010, ba za a gan shi a layin rajista ba a 2028. Nathan Grawe na Carleton College ya yi wannan gargaɗi cikin littafinsa na 2018, ya nuna cewa arewa maso gabas da tsakiyar ƙasar, inda waɗannan makarantu suka fi yawa, su za su fi jin jiki.

Duk waɗannan dalilai ne na waje. Amma giɓin shekara ɗaya bai taɓa kashe makaranta ba. Abin da ke kashe ta shi ne yadda shugabanni ke rufe giɓin. Su ci bashi su gina sabon filin wasa da fatan zai jawo yara. Su ɗaga gyaran gine-gine zuwa baɗi. Su miƙa hannu cikin uwar kuɗin wakafi, ribar shekara mai zuwa ta ragu, giɓin ya ƙara faɗi. Birmingham-Southern ta yi manyan gine-gine a shekarun 2000, sa'an nan a 2010 aka gano kuskure cikin lissafin tallafin ɗalibai wanda ke ci mata kimanin dala miliyan 5 kowace shekara. Ba ta sake miƙewa sosai ba. A 2023 majalisar jihar ta buɗe hanyar rancen dala miliyan 30, amma ma'ajin jihar, Young Boozer, ya ƙi sa hannu, yana ganin makarantar ba za ta iya biya ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai dai waɗanda ke biyan kuɗin ɓoyon ba su ne suka ɓoye ba. Mount Ida College ta jihar Masacusets ta sanar da rufewarta a watan Afrilu 2018, bayan ta riga ta karɓi sababbin ɗalibai. Wells ma a ƙarshen Afrilu ta yi tata sanarwar, saura makonni kaɗan a tashi hutu. Wani bincike da aka fitar a 2022 kan makarantu 467 da suka rufe tsakanin 2004 da 2020, waɗanda yawancinsu na neman riba ne, ya nuna cewa ɗaliban da suka koma karatu wani wuri ba su kai rabi ba. Ga malamai da masu shara da masu dafa abinci da suka rasa aiki, ga ƙaramin garin da kasuwarsa ta dogara ga makarantar. Abin da ya faru a Mount Ida ne ya sa jihar Masacusets ta kafa doka a 2019, wadda ta wajabta a riƙa duba lafiyar kuɗin jami'o'i masu zaman kansu kowace shekara.

Akwai kuma labarin da ya ƙare dabam. A watan Maris 2015 amintattun Sweet Briar College, makarantar mata zalla a jihar Birjiniya, suka ce za su rufe ta, alhali tana da wakafin da ya haura dala miliyan 80 da fili na kimanin hekta 1300. Matsalar ita ce mafi yawan wakafin an ɗaure shi da sharuɗɗan masu bayarwa, ragin da take yi kuma ya zarce kashi 60 cikin ɗari. Tsofaffin ɗalibanta suka ƙi yarda, suka kai ƙara kotu, suka shiga tara kuɗi. A watan Yuni aka yi sulhu: za su kawo dala miliyan 12, shugaban makarantar da yawancin amintattu su sauka. Aka buɗe aji a wannan shekara kamar yadda aka saba. Abin lura shi ne, waɗannan mata sun samu abin cetowa ne domin maganar ta fito fili tun rumbu bai ƙare ba.

Saboda haka uban da ke shirin tura ɗansa irin wannan makaranta, kada girman bursun da aka rubuto masa ya ɗauke masa hankali. Ya tambayi yawan ɗaliban da suka shiga cikin shekaru biyar da suka wuce, ya tambayi girman wakafi da nauyin bashi. Wanda kuma aka ɗora wa amanar wata dukiya, ta makaranta ce ko ta ƙungiya ko ta ma'aikata, ya sani giɓin da aka faɗa da wuri yana da magani, wanda aka lulluɓe da bashi kuwa sai ya haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Allah ya ba mai riƙon amana ikon faɗin gaskiya a kan lokaci.