Tawakkali A Bakin Gadon Asibiti

Jawabin da wani ɗan'uwa daga cikin masu hidima ya gabatar a zaman matasa na mako-mako, bayan sallar La'asar.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa da sahabbansa. 

Ni ba malami ba ne, ba kuma likita ba. Abin da na gani da idona a 'yan watannin nan shi zan faɗa maku. Akwai wani ɗan'uwanmu tela a unguwarmu, ba zan kama sunansa ba, wanda yaronsa ɗan shekara 7 ya wayi gari da kumburi a muƙamuƙi. Da farko aka ce ciwon haƙori ne, daga baya aka ce hangum ne. Aka yi tofi, aka sha rubutu, aka yi shafe-shafe, amma abin sai ci gaba yake yi, har haƙoran yaron suka fara girgiɗi. Sai da aka kwashe mako 3 kafin aka kai shi babban asibiti, inda suka yanki ɗan nama suka auna, suka ce ciwon daji ne.

Wannan nau'i ana kiransa da sunan wani likita, Denis Burkitt, wanda ya bayyana shi a shekarar 1958 bayan ya riƙa ganinsa a jikin yara a Kampala ta ƙasar Yuganda. Ya fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin tamu ke nan. Yana girma da saurin gaske, har kumburin kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu, amma kuma yana cikin waɗanda suka fi jin magani idan an fara da wuri aka kuma kai ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, alhali a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai 30 ba. Daga cikin dalilan akwai makara wajen zuwa asibiti, da tsadar magani, da yanke shi a tsakiya.

To, a wajen yankewar nan ne na ga jarabawar gaske. Da aka yi wa yaron ƙarin ruwan maganin karo na farko, cikin 'yan kwanaki kumburin ya saɓe kamar ba a taɓa yi ba. Sai dangi suka taso. Wannan ya ce addu'a ta ci, a koma gida. Wancan ya ga gashin yaron yana zuba, ga amai, ya ce maganin ne zai kashe shi. A lokacin uban ya riga ya sayar da keken ɗinkinsa ɗaya, uwar ta sayar da awakinta. Wallahi da ya ɗauke ɗansa ba wanda zai zarge shi, har ma a ce ya yi tawakkali. Amma likita ya riga ya gaya masa cewa saɓewar kumburi ba warkewa ba ce, kuma idan aka tsaya ciwon kan dawo, ya fi na farko wuyar magani. Ina zaune ya amsa wa yayan babansa cikin ladabi, ya ce, "Baffa, Wanda muka roƙa Shi ne ya nuna mana ƙofar nan. Idan na juya baya, me zan ce masa?"

Ban ga ranar da addu'a ta yanke a ɗakin nan ba. Uwar a kan tabarma take kwana kusa da gado, uban yana tofa masa Fatiha kafin a ɗaura ruwa, kuma ba su taɓa tsallake ranar magani ba.

Wannan ai shi ne abin da muka karanta a Islamiyya, sai dai mukan manta. Annabi Ayyuba (AS), bayan duk haƙurinsa, sai da aka umarce shi ya bugi ƙasa da ƙafarsa, ya yi wanka da ruwan, ya sha. Nana Maryam tana cikin naƙuda aka ce ta girgiza dabino. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S) game da raƙumarsa, ɗaurewa aka ce ya yi, sannan ya dogara. Kuma kada wani ya ga uban nan yana hawaye ya ce imaninsa ya yi rauni, domin Manzo (S) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya. Uban ya sani sarai cewa ana iya yin komai daidai Allah ya karɓi abinsa. Ya faɗa mani haka da bakinsa.

Yanzu sauran mu. Mukan je dubiya mu ce "Allah ya sawwaƙe," mu kaɗe riga mu fito. Maganin nan yana karya jini, kuma sau biyu ana neman jini wa yaron, uban yana ta zagaye shi kaɗai da dare, alhali ga mu nan majiya ƙarfi cike da masallaci. Ni kaina sai a karo na biyu na je, kuma na ji kunya. Ba ya ɗaukar awa guda, jiki kuma yana mayar da abin da aka ɗiba.

Saura masa zagaye 2 na magani. Duk wanda ya cika shekara 18 kuma yake da lafiya, ya tsaya bayan an tashi mu rubuta sunansa, za mu tafi tare ranar Litinin da safe a auna mu. Wanda ba zai iya ba, ga akwati nan a bakin ƙofa. Wanda kuma yake da ƙane ko ɗan maƙwabci mai kumburin da ke ƙaruwa a fuska ko a ciki, ya sa a kai shi asibiti cikin makon nan, kada a jira wata ya kama.

Allah ya ba yaron nan lafiya, ya ƙarfafi iyayensa.