Sauya Farfelar A-Kori-Kura: Jawabin Malamin Gona Ga Manoma Masu Mota

Yau maganarmu a kan farfela ce, wato dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota, wanda yake ɗauko ƙarfin inji daga giyabos ya kai wa ƙafafun baya. Ku da ke ɗauko tumatir daga Kadawa da Kura zuwa kasuwar 'Yankaba kun san kayan gwari ba sa jira. Farfela ta faɗi a hanya da hantsi, kafin la'asar kwanduna sun fara ruwa, wahalar wata uku ta tafi a banza.

Farfela ba ta mutuwa sai ta yi gargaɗi. In ka sa giya ka ji "ƙwas" a ƙarƙashi, ko mota ta riƙa kakkarwa in ta ɗau gudu, ko ka ga jan garin tsatsa a bakin kuros, to lokaci ya yi. Kashe inji, sa waigi, ka kama farfelar ka murɗa. In ta yi wasa, kuros ya ci. Sau da yawa kuros kaɗai za a sauya. Amma in bututun ya lanƙwashe ko ya loɓa, sai dai wata.

To ga inda akan yi hasara: mutum ya shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi "farfelar Hilux", ba awo a hannunsa. Hilux iri-iri ce, akwai doguwa akwai gajera, akwai mai farfela guda, akwai mai gaɓa biyu da boris a tsakiya. Tsohuwar mota kuwa, wataƙila an taɓa sauya mata giyabos ko aksul. Saboda haka a auna tukuna.

Na farko, a tsai da mota a daidaitaccen wuri, tana tsaye bisa ƙafafunta huɗu. Kada a auna tana kan jak, domin aksul yakan sauko, awo ya yi ƙarya.

Na biyu, a sa waigi gaba da baya. Ku lura, da zarar an kwance farfela giya ba ta riƙe mota kuma. Rai ya fi kaya.

Na uku, a auna daga tsakiyar kuros na gaba zuwa tsakiyar na baya. A rubuta a takarda, a sake awo sau biyu.

Na huɗu, a auna faɗin kuros da tazarar ramukan noti, a ƙirga haƙoran bakin da ke shiga giyabos. In da hali, a tafi kasuwa da tsohuwar, a jera su a ƙasa.

Bakin nan mai haƙora an yi shi ne ya riƙa shiga yana fita yayin da sifirin ke lotsawa. A tura shi ya ƙure, a jawo shi waje kamar inci 1, wato wajen santimita 2 da rabi, a nan ya kamata ya zauna. Farfela ta yi tsawo, ranar da ka yi lodi ka faɗa rami sai ta tokari giyabos ta fasa shi. Ta yi gajarta, sai ta zare ana cikin gudu, ta caki ƙasa, tana iya kifar da mota.

Kafin a kwance, a yi shaida da alli ko fenti a mahaɗa, don komai ya koma mazauninsa. Kunnuwan kuros na gaba da na baya su kasance a layi ɗaya, in ba haka ba kakkarwa ba za ta daina ba. A tara kwano, don man giya yakan zubo, a kuma cika shi bayan an gama. A ɗaure noti sosai, a ɗura giris, a gwada mota ba kaya, sannan a sake duba notin.

Kada a yarda mai walda ya yanke farfela ya haɗa da ido. Wannan aikin masu injin gyaran ƙarfe ne, waɗanda za su daidaita ta.

A yi wannan aiki tun kaya ba su nuna ba. Mai tambaya ya samu malamin gona na yankinsa. Allah ya ba mu amfani mai albarka, ya kiyaye hanya, amin.