Abin da ke Ƙarƙashin Kitso

Yau za mu leƙa ƙarƙashin fata ne, inda gashi ke tsirowa.

Gashin da wanzami ke kwashewa matacce ne, shi ya sa aska ba ta sa kowa ihu. Amma bari a tsige maka sili ɗaya ka ji. Ran yana can ƙasa, cikin wani siririn rami da ya nutsa a fata. A gindin ramin akwai ɗan dunƙule kamar kan albasa, ƙananan jijiyoyin jini na kai masa abinci, shi kuma yana ƙera gashi yana turo shi sama, wajen santimita 1 a wata. A nan ake ba gashi baƙinsa. Ran da ƙwayoyin da ke wannan aiki suka gaji, sai furfura. Jikin ramin kuma akwai jakar maiƙo mai lausasa gashi, da wata 'yar tsoka wadda in ta ja, sai mu ce tsigar jiki ta tashi.

Ramukan nan sun kai kimanin 100,000 a kan mutum. Kowanne yakan yi shekaru yana aiki, ya huta kamar wata 3, tsohon gashi ya faɗi, sabo ya biyo. Saboda haka sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Ke ma mai jego da kike ganin mataji ya cika, kwantar da hankalinki, galibi gashin yakan dawo.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da ramukansa ake haihuwar mutum, ba a ƙara masa ko ɗaya. Iyayena mata, ku nake wa magana. Kitson da ake ɗaure wa yarinya tamau har girarta ta ɗage, ta kwana biyu ba ta iya ɗora kai a matashi, tushen gashin yake fizga. Da fari ƙananan ƙuraje za ki gani a goshi da gefen kunne, sannan gaban kai ya fara ja da baya. In an sassauta da wuri, gashi ya dawo. In aka shekara da shekaru ana yi, ramin ya zama tabo ya toshe, kuma babu man kitson da zai buɗe shi, komai tsadarsa.

In yarinya ta ce da zafi, a ce wa makitsiya ta sassauta hannu. Wurin da ya riga ya yi sulɓi kuwa, a kai wa likitan fata ya duba.