Ƙurar da ke shigowa daga wajen duniya: yaya ake auna ta?

 

Mutumin Ƙonni ba sai an yi masa bayanin ƙura ba. Idan hunturu ya kama, hazo kan rufe gari har direban da zai tafi Illela ya kunna fitila da rana tsaka. Amma waccan ƙurar ƙasa ce, iska ke kwaso ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, kuma tashinta bai wuce ƴan kilomitoci ba. Wadda ta tara mu yau daga wajen duniya take zuwa.

Abin da muke gani da dare mu ce tauraro ya faɗi, galibi bai fi ƙwayar yashi girma ba. Yakan shigo da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa ɗaya, ya ƙone a tsakanin kilomita 80 da 110 sama da kanmu. Ƙarfen da sodiyam ɗin da ke jikinsa su zama tururi, daga baya su sake haɗuwa su zama hayaƙi mai laushi, ya riƙa saukowa sannu a hankali. Ƙalilan ne ke isowa ƙasa da jikinsu. Ɗaya ya faɗo a yankin Birnin Ƙonni a 1923, gram 560, har yau da sunan garin nan aka san shi. Wani mai kilo 110 ya faɗo a Tazerzait, arewacin jihar Tawa, a watan Agustan 1991.

To, tan nawa ke shigowa a yini? Nan gizo ke saƙar. Wurin da take ƙonewa ya fi ƙarfin jirgin sama da balan-balan, tauraron ɗan'adam kuwa ba ya iya zama a can, iska za ta janyo shi. Roka ce ke ratsawa, ita ma cikin ƴan mintuna. Dole sai dabara.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta hasken leza. A harba shi sama, an daidaita launinsa da ruwan ɗorawar da sodiyam ke amsawa. Lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo shi ne tsayin wurin, ƙarfinsa kuma shi ne yawan sodiyam. Wasu kan ƙirga sawun ƙonewar da rada. Amurkawa sun bar tauraron LDEF yana kewaya duniya daga 1984 zuwa 1990, suka dawo da shi suka ƙirga ramukan da ƙura ta yi a jikinsa, lissafi ya ba su kusan tan 40,000 a shekara. Faransawa suka narka ƙanƙarar tashar Concordia a Antatika, suka ce a 2021 tan 5,200 ke isowa ƙasa a shekara. John Plane na jami'ar Leeds ya jera ƙiyasoshin a 2012, ya ga sun kama daga ƴan tan kaɗan har zuwa 300 a yini.

Kada ku ce wani ya yi ƙarya. Kowace na'ura da abin da take gani: rada ba ta cika ganin ƙanana masu tafiya a hankali ba, ƙanƙara kuma abin da ya tsira daga ƙonewa kaɗai take riƙewa.

Me ya sa ba a tara wannan ƙurar ta sama a nan? Shimfiɗa zane a Malbaza ka gani; ƙurar hanya da ta siminti da ta hunturu za su binne ta. Rabonmu a wannan aiki duwatsun da ke faɗowa daga sama ne. Wani dutsen Mars mai kusan kilo 25 da aka tsinta a jihar Agadas a 2023, a New York aka yi gwanjonsa a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, sai daga baya hukuma ta buɗe bincike. Don haka idan wani ya faɗo a gonarku, ku rubuta rana da sa'a da wurin, kada a wanke shi ko a fasa, a sanar da hukuma da malaman jami'ar Tawa kafin dillali ya iso.