Daga Kano zuwa Jidda: Nisa da Lokaci a Ma'aunin Bahaushe



Wannan lacca za ta duba nisan da ke tsakanin Kano da Jidda, da kuma lokacin da tafiyar ke ci. Bahaushen dauri ba ya auna hanya da mil ko kilomita. In aka tambayi falke nisan gari, sai ya ce tafiyar yini ce, ko zango uku, ko kwana goma. Wato a wurinsa, nisa shi ne lokacin da hanya ta ci da wahalar da aka sha a kanta.

In aka miƙe ta sama, tsakanin biranen nan biyu kimanin kilomita 3,400 ne. Jirgin alhazai yakan cinye su cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Agogon Saudiyya kuma yana gaban na Nijeriya da awa biyu, saboda haka wanda ya bar Kano da ƙarfe 10 na dare zai sauka Jidda wajen ƙarfe 5 na asuba.

A da kuwa, maniyyaci daga Karakkai ko Tsafe yakan bi ta Kano da Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, har ya kai Suwakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin in guzuri ya ƙare sai an tsaya an yi noma ko ƙwadago. Da yawa ba su dawo ba. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato da jama'a ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane, suka zauna a Sudan, inda har yau akwai gari mai sunansa.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, kuma cikin shekarun 1950 jigilar alhazai ta sama ta kankama. Tafiyar shekaru ta koma ta rabin yini. Amma fa lokacin tafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar kilomita. Alal misali, da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan wannan shekara suka yi zagaye, tafiya ta ƙaru da wajen awa biyu, kuɗin kujera ma ya tashi.

Bugu da ƙari, lissafin jirgi ba ya haɗawa da zangon farko. Maniyyaci daga ƙauyen Bunguɗu sai ya zo Gusau, ya jira kira a sansanin alhazai, kuma a shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin Zamfara, wannan guntun zango ya fi tsallake Bahar Maliya hatsari.

A taƙaice, ma'aunin falke bai tsufa ba. Ma'aikacin da ke tsara tafiyar alhazai ya kamata ya fara ƙidaya daga ƙofar gidan maniyyaci.